Hasashen Zakaran NBA: Me Ya Sa Nasara 73 Ba Ta Wadatar Ba

A daren 10 ga Yunin 2016, bayan da Golden State Warriors ta bi Cleveland Cavaliers har gida ta doke ta da maki 108 da 97, kusan duk mai bibiyar ƙwallon kwandon Amurka ya ɗauka cewa magana ta ƙare. Warriors ta ci wasa uku, Cavaliers ta ci ɗaya, saura nasara guda ta ɗaga kofi, kuma biyu daga cikin wasanni ukun da suka rage a filinta na Oakland za a buga su. Ita ce ƙungiyar da ta kammala kakar da nasara 73 cikin wasanni 82, ta karya tarihin nasara 72 da Chicago Bulls ta su Michael Jordan ta kafa a kakar 1995-96. Tauraronta Stephen Curry ya zama na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan wasan shekara ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta tafi wurin wani ba. Bugu da ƙari, a duk tarihin wasan ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba a taɓa samun ƙungiyar da aka yi wa uku da ɗaya ta farfaɗo ta ci kofi ba. Kwana tara bayan haka, ranar 19 ga Yuni, Cleveland ce ta ɗaga kofin a tsakiyar filin Warriors, da maki 93 da 89.

Tun daga lokacin ake kawo wannan shekara a matsayin hujjar cewa hasashe aikin banza ne. Ni ban yarda da haka ba. Abin da 2016 ta nuna, a ganina, shi ne cewa masu hasashe sukan auna ƙungiyar da ta buga wasa daga Oktoba zuwa Afrilu, alhali wadda ke shiga fili a watan Yuni sau da yawa wata ƙungiya ce daban, ko da kuwa rigarta da sunanta ba su canza ba. Sannan ko an auna daidai, wasa bakwai ba su da yawan da za su hana sa'a tsoma baki.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, ƙungiyoyi 30 ne ke gasar, kowace ta buga wasa 82, daga nan 16 su shiga zagayen fitar da gwani mai matakai huɗu. A kowane mataki ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu, don haka jerin ba ya gaza wasa huɗu, ba ya kuma wuce bakwai. A mataki na ƙarshe zakaran Gabas ke haɗuwa da zakaran Yamma, kuma tun daga 2014 ƙungiyar da ta fi yawan nasara a kaka ita ke karɓar baƙuncin wasa na ɗaya da na biyu da na biyar da na bakwai.

Wannan tsari ya fi taimakon ƙungiya mai ƙarfi idan aka kwatanta da wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa, inda minti 90 da ƙwallo ɗaya tak kan raba gardama. A ƙwallon kwando kowace ƙungiya takan kai hari kimanin sau ɗari a wasa guda, don haka ƙwarewa tana samun sararin bayyana. Amma idan aka sa alƙalami aka yi lissafi, za a ga kariyar da wasa bakwai ke bayarwa ba ta kai yadda ake zato ba. A ɗauka wata ƙungiya ta fi abokiyar karawarta har za ta iya cin wasa 60 cikin kowane 100 da suka buga. Damar da take da ita ta riga cin huɗu cikin bakwai kashi 71 ce cikin 100, wato kusan sau uku cikin goma za a fitar da ita duk da fifikon da take da shi. Idan fifikon ya ragu zuwa wasa 55 cikin 100, damar ta sauko zuwa kashi 61. Sai ƙungiya ta kai ga cin wasa 70 cikin 100 sannan damarta ke kaiwa kashi 87, kuma irin wannan rata ba kasafai ake samunta tsakanin ƙungiyoyi biyu da kowaccensu ta fitar da abokan hamayya uku kafin ta iso nan ba. Saboda haka duk wanda ya bugi ƙirji ya ce babu makawa ƙungiya kaza ce za ta ci, ya faɗi abin da lissafi bai ba shi izinin faɗa ba, ko da daga baya maganarsa ta tabbata.

Yanzu a dubi alƙaluman 2016 da kyau, domin akwai abin mamaki a cikinsu. Warriors ta ci wasan farko da ratar maki 15, na biyu da 33. Cleveland ta rama a na uku da 30. Na huɗu ratar 11 ce, na biyar 15, na shida 14. Babu wasa ko ɗaya cikin shidan da aka yi kankankan har ƙarshe, amma da aka tara makin wasannin shida gaba ɗaya, sai ga kowace ƙungiya da 610 cif. Wannan ya gaya mana cewa ƙungiya mai nasara 73 da mai nasara 57, a cikin waɗannan makonni biyu, ƙarfinsu ya zo ɗaya. Tambayar da ta dace ita ce ko akwai alamun da ke nuna hakan tun kafin a fara, kuma amsar ita ce akwai su, sai dai hasken 73 ya rufe idon mutane.

Nasara 57 da Cleveland ta samu ba ta bayyana haƙiƙanin ƙarfinta ba. Kyrie Irving bai fara buga kakar ba sai a Disamba, saboda yana jinyar ƙoƙon gwiwar da ya karye a wasan ƙarshe na 2015. A Janairu ƙungiyar ta sallami kocinta David Blatt ta ɗora Tyronn Lue. LeBron James kuwa, wanda a lokacin yake zuwa wasan ƙarshe karo na shida a jere, ya daɗe da sanin yadda ake tattalin ƙarfi a watannin sanyi don a kashe shi a Mayu da Yuni. Da aka shiga zagayen fitar da gwani, Cleveland ta ci wasa goma na farko a jere, ta fito daga Gabas da rashin nasara biyu kacal. Ita kuwa Warriors, wahala ta sha kafin ta iso. Curry ya gurɗe a ƙafa, sannan ya zame a kan jiƙaƙƙen daɓe ya ji ciwo a gwiwa tun a zagayen farko da Houston, ya rasa wasanni. A wasan ƙarshe na Yamma ita ma Oklahoma City Thunder ta yi mata uku da ɗaya, kuma ba don Klay Thompson ya ci maki 41 tare da jifa 11 masu maki uku a wasa na shida ba, da ba ta zo wasan ƙarshe ba sam. Ƙungiyar da ta yi rashin nasara sau tara a wasanni 82 ta sake yin rashin nasara sau tara a wasanni 24 na fitar da gwani.

Akwai kuma wani abu game da yawan nasara shi kansa. Masu nazarin alƙaluma sun daɗe da lura cewa ratar maki tsakanin abin da ƙungiya ke ci da abin da ake ci mata, musamman idan aka auna a kan kowane hari ɗari, ta fi yawan nasara iya nuna abin da zai faru nan gaba. Dalili kuwa shi ne wasannin da ake rabuwa da maki ɗaya ko biyu, sa'a tana da babban kaso a cikinsu, kuma sa'a ba ta bin mutum daga wata zuwa wata. Warriors ta kakar da ta biyo baya, bayan zuwan Kevin Durant, nasara 67 ta samu, ƙasa da ta kakar da ta gabata da shida, amma ratar makinta ta fi girma, kuma a zagayen fitar da gwani wasa ɗaya kaɗai ta rasa cikin 17.

Bambanci mafi girma tsakanin kaka da wasan ƙarshe, wanda kuma ya fi wuyar shigarwa cikin lissafi, shi ne maimaita haɗuwa. A Janairu ƙungiya takan sauka daga jirgi da tsakar dare, ta buga da wata yau, gobe ta buga da wata a wani gari, babu lokacin da koci zai tsara dabara ta musamman don mutum ɗaya. A Yuni kuwa abokin hamayya ɗaya ne har tsawon mako biyu, kuma ɗakin masu nazarin bidiyo ba shi da wani aiki sai neman inda yake da rauni. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Cleveland ta gano cewa hanya mafi sauƙi ta rage wa Curry kaifi ita ce a gajiyar da shi a wajen tsaro. Sai ta riƙa sa duk ɗan wasan da Curry ke gadi ya zo ya tsaya a matsayin shinge ga mai gadin LeBron ko Irving, ta yadda dole masu tsaron su yi musanya, Curry ya tsinci kansa gaban mutumin da ya fi shi jiki ko ya fi shi saurin juya ƙwallo. Sau bayan sau aka yi masa haka, yana gajiya yana tara laifuka, har a wasa na shida ya cika laifi shida, ya jefa robar kare haƙoransa cikin fushi, aka kore shi. A ɗaya ɓangaren kuma Cleveland ta zaɓi wanda za ta bari ya yi jifa, wato Harrison Barnes, kuma a wasanni uku na ƙarshe jifa 5 kawai ya ci cikin 32.

Irin wannan gyaran tsakiyar tafiya ya sha juya jerin wasanni. A 2015 Cleveland na gaba da biyu da ɗaya, sai kocin Warriors Steve Kerr ya ajiye dogon ɗan wasansa Andrew Bogut ya fara da Andre Iguodala, ya zaɓi sauri a kan tsayi, Warriors ta ci uku a jere, Iguodala ya zama gwarzon wasan ƙarshe. A 2011 Miami Heat mai LeBron da Dwyane Wade da Chris Bosh ita ma tana gaba da biyu da ɗaya lokacin da Rick Carlisle na Dallas ya shigar da gajeren ɗan wasa J.J. Barea cikin biyar na farko, ya kuma riƙa cakuɗa tsaron yanki da na mutum-da-mutum. A wasa na huɗu LeBron maki 8 kawai ya ci, Dallas ba ta sake rasa wasa ba. Mai hasashe ba zai iya sanin takamaiman gyaran da za a yi ba, amma zai iya tambayar kansa wace ƙungiya ce ke da hanyoyin wasa fiye da ɗaya, wace ce kuma idan aka toshe mata hanyarta ta farko ba ta da ta biyu. Zai iya kuma duba 'yan wasa biyar da kowane koci zai bari a fili a minti biyar na ƙarshe, ya ga ko akwai wanda za a iya farauta a cikinsu, ko dai don ba ya iya tsaro, ko don ba ya iya jifa daga nesa.

Wannan ya kai mu ga batun benci. A kaka koci yakan yi amfani da mutum goma ko fiye, kuma ƙungiya mai benci mai kyau takan tara nasara a kan ƙungiyoyin da suka gaji. A wasan ƙarshe adadin yakan ragu zuwa bakwai ko takwas, manyan taurari su buga minti 40 ko fiye cikin 48. A wasa na bakwai na 2016 LeBron kusan minti 47 ya buga. Ma'anar haka ita ce darajar mutum na tara da na goma tana faɗuwa, darajar babban tauraro tana hauhawa, kuma alƙaluman kaka ba su san da wannan ba sai an gaya musu.

Sai kuma cinikin 'yan wasa na watan Fabrairu, wanda kan sa kusan kashi biyu cikin uku na alƙaluman kaka su zama na wata tawaga da ta riga ta watse. Houston Rockets ta 1995 nasara 47 kawai ta samu, ta shiga a matsayi na shida a Yamma, amma a Fabrairu ta ɗauko Clyde Drexler ya haɗu da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, kuma ta ƙare da share Orlando Magic huɗu da babu. Detroit Pistons ta 2004 ta ɗauko Rasheed Wallace a Fabrairu, tsaronta ya zama ƙarfe, amma idon duniya yana kan Los Angeles Lakers mai Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da Karl Malone da Gary Payton. A wasa na uku Detroit ta hana waɗannan manya wuce maki 68, ta kuma ci jerin huɗu da ɗaya. A 2022 abin ya zo ta wata fuska: manhajojin hasashe na lissafi, ciki har da ta FiveThirtyEight, sun fifita Boston Celtics a kan Warriors da rata mai yawa, alhali saboda raunuka Curry da Thompson da Draymond Green minti 11 kacal suka buga tare a duk kakar. Alƙaluman Warriors na wannan shekara na ƙungiyar da ba ta cika ba ne, kuma da ta cika sai ta ci huɗu da biyu.

Duk da haka, babu abin da ya fi lafiyar 'yan wasa ruguza hasashe, kuma 2019 ce shekarar da za a duba. Toronto Raptors ta zo wasan ƙarshe karo na farko a tarihinta, a ƙarƙashin shugabancin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. A Yulin 2018 Ujiri ya yi cinikin da mutane da yawa suka ga kasada ce, ya ba da DeMar DeRozan, ɗan lelen magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard wanda ya shafe kusan duk kakar da ta gabata yana jinya. Abin lura shi ne yadda ƙungiyar ta riƙe shi: wasa 60 kawai ya buga cikin 82, ana hutar da shi da gangan, an yarda a rasa wasu nasarori a lokacin sanyi don a same shi da ƙafafunsa a Yuni. A Fabrairu kuma aka ƙaro Marc Gasol. Warriors ta iso ba tare da Durant ba, domin ya ji ciwo a sharaɓa tun zagaye na biyu, amma ganin ta share Portland huɗu da babu ba tare da shi ba, da yawa suka ci gaba da ba ta kofin.

Abin da ya biyo baya yana da ban tausayi ga duk mai son wasan. Pascal Siakam na Toronto, ɗan Kamaru, ya ci maki 32 a wasan farko. Thompson ya rasa wasa na uku saboda ciwon tsokar bayan cinya. Kocin Toronto Nick Nurse, ganin Curry ya rage kusan shi kaɗai mai jifan nesa, ya ɗauko tsohuwar dabarar da aka fi gani a wasannin makaranta, mutum huɗu su tsare yanki, na biyar ya manne wa Curry duk inda ya sa ƙafa. Durant ya dawo a wasa na biyar, ya fara da kyau, sai agararsa ta tsinke a zubi na biyu. A wasa na shida Thompson yana da maki 30 lokacin da jijiyar gwiwarsa ta tsinke, Toronto ta ci 114 da 110 ta ɗauki kofi. Wani zai ce babu mai iya hango wannan, kuma gaskiya ne babu mai iya faɗin rana da minti. Amma wannan shi ne zuwan Warriors wasan ƙarshe karo na biyar a jere, jikin 'yan wasanta ya ɗauki nauyin wasanni sama da ɗari na fitar da gwani a kan na kaka, kuma babban tauraronta ya riga ya shigo da rauni. Mai hasashe na gaskiya ba ya cewa wane zai ji ciwo, sai dai ya rage kason da ya ba ƙungiyar da haɗarin ya fi yi wa yawa, ya kuma tambayi wace ce za ta iya rayuwa idan ta rasa mutum ɗaya.

Haka batun dakatar da Draymond Green yake a 2016. Ana yawan ambatonsa kamar tsawa ce ta faɗo daga sama, alhali dokar a rubuce take: wanda ya tara makin mugun laifi fiye da uku a zagayen fitar da gwani za a dakatar da shi wasa ɗaya. Green ya shigo wasan ƙarshe yana bakin iyaka, bayan abin da ya yi wa Steven Adams na Oklahoma, don haka hatsaniyar da ta haɗa shi da LeBron a wasa na huɗu ita ce ta cika mudun. Babu shi a wasa na biyar, LeBron da Irving kowanne ya ci maki 41, Bogut ya ji ciwo a gwiwa bai sake bugawa ba, tsaron Warriors a ƙarƙashin kwando ya yi rauni har ƙarshen jerin.

Game da fa'idar gida ba zan daɗe ba. Tana nan, amma ƙarama ce idan aka kwatanta da yadda ake kururuta ta. A 2019 ƙungiyar da ke baƙunta ce ta ci wasanni biyar na ƙarshe a jere, kuma Toronto ta ci dukkan wasanni ukun da ta buga a Oakland.

Abin da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne alƙaluman tarihi irin na "ba a taɓa yi ba". Suna da daɗin faɗi a talabijin, amma akwai yaudara a cikinsu. Ƙungiyar da ke gaba da uku da ɗaya, a mafi yawan lokuta, dama ita ce ta fi ƙarfi, shi ya sa take gaba, shi ya sa kuma take ƙarasawa. Idan ƙungiyoyin ƙarfinsu ɗaya, damar wadda ke baya ta ci uku a jere ɗaya ce cikin takwas, kuma abin da ke da dama ɗaya cikin takwas dole wata rana ya faru. Haka nan farfaɗowa daga biyu da babu: Boston ta yi a 1969, Portland a 1977, Miami a 2006, Cleveland a 2016, Milwaukee a 2021. A wannan na ƙarshen Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya shigo da gwiwar da ta lanƙwashe kwanaki kaɗan kafin a fara, kuma kowa ya san jifan kyauta ne rauninsa. A wasa na shida da Phoenix ya ci maki 50, ya zura jifan kyauta 17 cikin 19. Babu wani lissafi da aka gina a kan abin da ya saba yi da zai fitar da wannan dare.

Daga nan ne ake isa wurin da nazari ke tsayawa. A wasa na bakwai na 2016 an yi kunnen doki 89 da 89 saura minti huɗu da daƙiƙa 39, kuma daga nan Warriors, ƙungiyar da ta fi kowa iya cin maki a wannan shekara, ba ta sake cin ko ɗaya ba. Saura ƙasa da minti biyu Iguodala ya nufi kwando a guje, ƙwallo ta riga ta bar hannunsa, LeBron ya taso daga baya ya manna ta da allo. Saura daƙiƙa 53 Irving ya ja baya kaɗan a gaban Curry ya saki jifa mai maki uku, ta shiga. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya karkace da faɗin tafin hannu, da yau ana ba da labarin Green wanda ya ci maki 32 a wannan dare, ana kuma kiran Warriors ta 2016 ƙungiya mafi girma a tarihi. Yawaitar jifa mai maki uku a wannan zamani ta ƙara faɗaɗa wannan fili na sa'a, domin jifan nesa yana da ranar shiga da ranar ƙi. Houston ta 2018 ta zubar da irinsa 27 a jere a wasa na bakwai na wasan ƙarshen Yamma, a gidanta.

Saboda haka nake ganin ya kamata a sauya yadda ake auna mai hasashe. Al'adar masu sharhi ita ce su ce ƙungiya kaza a wasa shida, idan ya dace a yabe shi, idan bai dace ba a yi masa dariya. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne ya faɗi kaso, ya faɗi dalilansa, ya kuma faɗi abin da idan ya faru zai sauya ra'ayi. Wanda ya ce kashi 70 sau goma, ana sa ran ya dace sau bakwai ya kuskure sau uku, kuma idan ya dace duka goman to ya raina abin da ya sani ne. Matsalar ita ce wasan ƙarshe sau ɗaya ake yi a shekara, don haka kafin a tara abin da zai isa a bambance mai ilimi da mai sa'a, 'yan wasan da dokokin da salon wasan duk sun canza. Wannan kaɗai ya isa ya sa matashin da ke kwana ido biyu a Kano ko Maraɗi don kallon waɗannan wasanni da ƙarfe biyun dare ya yi hattara da duk wanda ke sayar masa da tabbaci, balle ya ɗora kuɗinsa a kai.

Lamarin ya ƙara wuya a 'yan shekarun nan, domin daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci kofin: Toronto, Lakers, Milwaukee, Warriors, Denver, Boston da Oklahoma City. Ta ƙarshen, a 2025, ta zo da nasara 68 da ratar maki mafi girma da aka taɓa gani a kaka guda zuwa lokacin, abokiyar karawarta Indiana Pacers kuma nasara 50 ta samu, ta shigo a matsayi na huɗu a Gabas. Kusan kowa ya ba Oklahoma, da yawa suka ce a wasa huɗu ko biyar. Tyrese Haliburton ya ci wa Indiana wasan farko da jifan da ya shiga saura kashi uku cikin goma na daƙiƙa, Indiana ta shiga gaba da biyu da ɗaya, ta kuma tilasta wasa na bakwai. Haliburton, wanda ke buga wasa da ciwon sharaɓa tun wasa na biyar, ya fara daren 22 ga Yuni da jifa uku masu maki uku, sai agararsa ta tsinke tun a zubin farko, irin abin da ya sami Durant shekara shida kafin nan. Duk da haka Indiana ce ke gaba da maki ɗaya a hutun rabin lokaci, kafin Oklahoma ta ƙwace wasan ta ci 103 da 91. Waɗanda suka ambaci Oklahoma sun faɗi zakara daidai, kuma dalilansu na tsaro da ratar maki dalilai ne masu ƙarfi. Amma waɗanda suka ce za a gama a wasa huɗu ba su ga saurin Indiana da zurfin tawagarta ba, kuma da Haliburton ya ƙarasa wannan wasa da ƙafarsa, ba na jin akwai mai gaskiyar da zai ba Oklahoma fiye da kashi 60 zuwa 70 a wannan dare.